Laraba, ɗakin masu ciwon ƙirji

Ƙurar hunturu ta cika mana ɗaki da marasa lafiya tun da safe. Yawanci masu COPD ne, wato daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wasu taba ta cinye musu huhu, wasu hayaƙin itace, wasu tabon tarin fuka.

Wani dattijo na zaune ya dafe gwiwoyi, duk fitar numfashi sai ya yi ɗan nishi. Ɗansa ya ɗauka zafi yake ji, alhali aikin maƙogwaro ne. Ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu, waɗanda faɗinsu bai kai milimita 2 ba, ba su da guringuntsi, naman huhu ne ke riƙe su a buɗe. Idan naman ya lalace, da mutum ya yunƙura zai fitar da iska sai su mokaɗe, iskar ta maƙale a ciki, numfashi na gaba ya hau kanta. Shi ya sa tantanin murya ke tsuke ƙofar maƙogwaro lokacin fitar numfashi: matsi ya taru a bayansa, ya tokare hanyoyin har iskar ta samu fita.

Muka ƙara masa da dabarar leɓe. "Baba, ku shaƙa ta hanci, ɗaya, biyu. Ku tsuke baki kamar mai hura koko, ku sake a hankali har huɗu." Ban da kumbura kumatu, ban da ƙarfi, don ƙarfin ne ke rufe hanyar. Oksijin kuwa aka tsayar masa tsakanin kashi 88 zuwa 92 a jini. 'Yan jinya na son ganin 99 a allo, amma ga irin wannan huhu, ana iya tara masa kabon dayoksaid, gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, ya fara magagi.

Bayan azahar wata tsohuwa ta hau injin BiPAP, mai tura iska cikin huhu ta takunkumin fuska, matsin shaƙa 12, na fitarwa 4. Aka yi saurin ɗaga na shaƙa zuwa 20, sai takunkumin ya fara yoyon iska ta gefen hanci, ciki ya ɗaure, ƙirji bai ƙara ɗagawa ba. Maƙogwaro kan tsuke idan aka banko masa iska, iskar kuma ta karkata zuwa tumbi. Aka sauke, aka gyara maɗaurin, aka kishingiɗar da ita, sannan aka riƙa hawa da bibbiyu. Kafin la'asar numfashinta ya lafa. Za a sake auna iskar jininta bayan isha'i.