Godiya daga iyalan Baba, da amsar tambayar masu soraye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mu iyalan marigayi, matansa da 'ya'ya da jikoki, muna miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga kwanakin jinya har aka tashi daga zaman makoki. Allah Ya karɓi ran Baba bayan ya haura shekara 85, a ɗakin da shi da kansa ya zana, cikin birnin Zariya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Godiya ga ma'aikatan jinya, da limamin unguwa da waɗanda suka yi wanka da sutura, da maƙwabtan da suka buɗe zaurukansu don baƙi, suka riƙa aiko da abinci kwana uku ba a roƙe su ba. Godiya ga waɗanda suka taso daga Kano, Katsina, Kaduna da Damagaram, da waɗanda hanya ta hana suka yi waya. Ta musamman kuma ga magina. Tsofaffin da suka yi aiki da shi sun riga kowa isa maƙabarta, suka ce ba mai kwaɓa ƙasar rufin kabarinsa sai su. Suka jera itacen ɗaya jikin ɗaya, suka bi kowace kafa da ɗanyen kwaɓi har ba inda ƙasa za ta zurara. Allah Ya saka musu da alheri.

Mutane na ce masa Injiniya. Ya yi ta gyara musu cewa shi mai zanen gine-gine ne, har ya gaji ya bari. A Jami'ar Ahmadu Bello ya yi karatu, a shekarun farko bayan kafa ta a 1962, amma yakan ce rabin iliminsa a ƙarƙashin bakan gizon (lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin) tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya same shi, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Gida kuwa, ba ya sa alƙalami a takarda sai ya tambayi mai gidan mata nawa gare shi, 'ya'ya nawa, akwai tsohuwa ko babu. Ɗakin tsohuwa kusa da banɗaki yake sa shi, ba tudun dokin ƙofa da za ta yi tuntuɓe. Madafi nesa da ɗakunan kwana, rijiya can wani ɓangare daban da masai. Tagogi kudu da arewa, don ranar yamma ita ke mai da ɗaki tanda. Haka ya tsara nasa gidan, ya kuma bar fili a tsakar gida da ya hana kowa ginewa, wai na jikoki ne.

Da yawa cikin masu ta'aziyya sun tambaye mu wa zai riƙa duba musu sorayensu yanzu, tunda shi ke zagayawa kafin damina. Ga abin da yake dubawa, yadda ya koya wa yaransa.

Indararo ake fara dubawa, tun kafin ruwan fari. Soro ba kasafai yake faɗuwa don tsufa ba, ruwa ne ke kwana a kansa. In ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe indararo, ruwan ya taru a bayan rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye saman soro, ya jiƙa ƙasar rufin, nauyi ya ƙaru, bakin azaran da ke cikin bango ya ruɓe. A share, a tabbata bakinsa ya zarce bango sosai yadda ruwan ba zai riƙa zuba a gindin gini ba. Tsaga ko kamar zare take a saman soro, a buɗe ta kaɗan, a yayyafa ruwa, sannan a cusa kwaɓi. Wanda ya shafe ta a bushe, ruwa biyu ya ishe ta ta sake buɗewa.

Sai bangon gabas, don daga nan hadarinmu ke tasowa, shi ke shan duka. Shi ake fara yi wa yaɓe. Makuba ɓawon ɗorawa ce da ake jiƙawa, a kwaɓa jar ƙasa da ruwanta, kuma tana son sabuntawa duk bayan damina ɗaya ko biyu. Laso ya fi ta daɗewa: katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin ramin rini, da dafara, tsiron nan mai yauƙi, da gashin jima. Samun katsin ne ya yi wuya yanzu da marina suka ragu.

Abin da ya fi ƙi shi ne a lafta siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa. Siminti ba ya kama ƙasa. Yana rabuwa da ita a hankali, ruwa ya bi ta bayansa, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tas. A ƙwanƙwasa da hannu: in ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu, a ɓamɓare shi tun bai sauko da rabin bangon ba. Wanda ya matsa sai ya yi, to a fara kafa ƙusoshi da ragar waya.

Azara kuma ta namijin giginya ake nema, ita gara ba ta cika ci ba. Kada a ɗora ta a faɗin da ya wuce wajen ƙafa 6 ba tare da tauyi (azarar da ke fitowa daga bango ta tallafe ta) ko baka ba, za ta lanƙwashe.

Masu ginin bulo ma ya bar musu nasu. Buhun siminti mai kilo 50 bai yarda a fitar da bulo mai inci 9 fiye da 35 a cikinsa ba. Kankaren dakin, wato rufin kankare, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kada a cire katakon tokara kafin kwana 21. Yawancin tsagewar da ake ɗora wa rodi laifi, ƙishirwa ce ta jawo ta.

Akwai zanen gidaje da masallatai masu yawa a naɗe cikin akwatunansa, kowanne da sunan mai shi a jiki. Wanda ya san Baba ne ya zana masa, ya zo ya karɓi nasa, zai yi amfani ranar da za a ƙara ɗaki ko a nemi inda bututu ya bi. Wanda ke bin sa bashi, ko wanda ya san akwai haƙƙi tsakaninsu, don Allah ya sami babban ɗansa a zaure bayan sallar La'asar kafin a zauna rabon gado.

Iyalan marigayi