Linzamin da ke cikin tsoka

Ni ɗan mahauci ne, a Ngawundare na tashi, kuma tun ina ƙarami abin da na sani game da nama ɗaya ne: dabba ta ci ta ƙoshi, ta yi tsoka. A ba ta dusa da harawa da kanwa, a ɗaure ta wata uku, a kai ta kara. Da wannan tunanin na shiga karatun likitan dabbobi, har ranar da malaminmu ya haska mana hoton ɓeraye biyu da aka feɗe, an ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

Abincinsu ɗaya, shekarunsu ɗaya. Amma na dama kafaɗunsa da cinyoyinsa sun cika sun batse, na hagu kuwa ɓera ne kamar kowane. Aikin Se-Jin Lee ne da Alexandra McPherron a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, wanda suka fitar a 1997. Ƙwayar gado guda ɗaya tak suka kashe a jikin ɓeran, wadda ke sa jiki ya samar da wani furotin da suka raɗa wa suna myostatin. Sai tsokokinsa suka ninka na ɗan'uwansa sau biyu zuwa uku. Zaruruwan tsokar sun ƙaru a yawa, kowane kuma ya ƙara kauri.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ashe jiki da kansa yake riƙe da linzami, wato myostatin ɗin nan, yana ce wa tsoka ta tsaya haka nan. Abinci yana da nasa rabon, amma iyakar da dabba za ta kai a rubuce take cikin abin da ta gada. A 2007 Lee ya ƙara wa irin waɗannan ɓeraye wani furotin mai suna follistatin, tsokar ta kai ninki huɗu.

Gaskiya a lokacin zumuɗi ya ɗebe ni. A shekarar 1997 ɗin ce aka gano cewa shanun Beljiyam da ake kira Belgian Blue, masu tsoka curi-curi, wannan ƙwayar ce ta lalace a jikinsu tun asali. Na ce me zai hana mu samo irinsu mu haɗa da gudalinmu? Na kai wa Baba hoton a waya, yana zaune a rumfa yana wasa wuƙa. Ya karɓa ya duba sosai, ya ce, "Wannan san zai iya tafiya mashaya da rani kuwa? Uwarsa ta yaya ta haife shi?"

Ba ni da amsa a ranar. Da na koma na ci gaba da karatu, sai na tarar tambayoyinsa biyu su ne ainihin inda gizo ke saƙa. Shanun nan galibi sai an yi wa saniya tiyata ake ciro ɗan maraƙin, saboda girmansa. Su kuma ɓerayen, da aka auna ƙarfin tsokarsu, an ga bai ƙaru daidai da girmanta ba, kuma nau'in zaren da ya yi yawa a cikinta shi ne mai saurin gajiya. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin saniyar makiyayi a Adamawa da ƙafarta take neman ciyawa da ruwa, a daji take haihuwa, babu likita kusa, ga kaska ga ƙudan tsando. Tozon gudali da kitsen da take tarawa da damina su ne guzurinta na watannin rani, alhali dabbar da ta rasa myostatin kitsenta kaɗan ne.

Yanzu idan muka fita aikin gani da ido wajen makiyaya, bayan na auna ƙirjin sa da tef na rubuta, nakan tambayi mai shi yadda uwar ta haihu, da yadda ta fita daga ranin bara. Makon jiya wani dattijo ya nuna mini wata siririyar saniya da ni da kaina da na wuce ta ban kula ba. Ya dafa bayanta ya ce, "Ɗana, wannan haihuwarta bakwai, ko sau ɗaya ba mu taɓa ja mata maraƙi ba." Na buɗe sabon shafi na rubuta ta.