Sarrafa aikatau a lokacin imperfecto na Sifaniyanci

Mai jin Hausa ya yi sa'a da wannan lokaci, domin aikinsa ba baƙo ba ne a kunnenmu. Abin da muke nufi da "dā nakan je" ko "ina cikin ci sai ya shigo" shi ne Sifaniyanci ke faɗa da pretérito imperfecto: abin da aka saba yi a baya, ko wanda ake tsaka da yi. Mu a jikin wakilin suna muke sa alamar lokaci, su kuwa a ƙarshen aikatau suke liƙa ta.

Ɗauki hablar, wato yin magana. Cire -ar, ya rage habl-. Sai ka ɗora: ni hablaba, kai hablabas, shi ko ita hablaba, mu hablábamos, ku hablabais, su hablaban. Masu ƙarewa da -er da -ir hanyarsu ɗaya ce. Comer, cin abinci, yana ba da comía, comías, comía, comíamos, comíais, comían. Vivir ma haka, vivía har zuwa vivían. Siffar "ku" a Sifen ake jin ta. A Meziko da sauran Latin Amurka ustedes hablaban ake cewa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗan layin nan na saman wasali. A rukunin -ar, siffar "mu" kaɗai ke ɗauke da shi, don nauyin murya ya zauna a kan lá, kada ya zame zuwa ba. A rukunin -ía kuwa duk shidan sai da shi, saboda shi ke raba i da a su zama gaɓa biyu. Ka manta da shi, ma'ana na iya sauyawa: hacía "yana yi" ne, hacia kuma "wajen". Wannan ba ado ba ne, kada a raina shi.

Wasu na rubuta hablava, saboda b da v furucinsu ɗaya ne a Sifaniyanci. Da b ake rubutawa kullum.

Lura kuma siffar "ni" da ta "shi" iri ɗaya ce, don haka idan zance zai rikice, ka sa yo ko él a gaba. Aikatau masu sauya wasali a lokaci mai ci ba sa sauyawa a nan: puedo yana komawa podía, pienso kuma pensaba. Uku ne kacal suka kauce wa ƙa'ida, sai a haddace su: ser (kasancewa) yana ba da era, ir (tafiya) iba, ver (gani) veía.