Yadda Muka Zama Baƙi a Gidanmu

Ranar da dillali ya fara zuwa duba gidanmu bai daɗe a kan maganar kuɗi ba. Ya zagaya ɗaki-ɗaki, ya leƙa kicin da banɗaki, sannan ya tsaya a tsakiyar falo, inda keken yara yake kwance a gicciye kuma tulin wankin da ban ninke ba ya cinye kujera guda, ya ce mai saye yana so ne ya shigo ya hango kansa a cikin gidan, kuma ba zai taɓa hango kansa ba matuƙar duk inda ya waiwaya mu yake gani. Gaskiya ya faɗa, amma ni na ji ta kamar an miƙo mini kwando an ce in ɗebo ruwa. Yaranmu 3 ne: babbar tana da shekara 5, mai bi mata yana da shekara 3, autar kuwa watanta 14, ta fara tafiya ke nan, babu abin da hannunta ba ya kaiwa. Aikin waɗannan bayin Allah daga wayewar gari zuwa faɗuwar rana shi ne barin shaida a kowane lungu cewa akwai masu rai a gidan.

Da hali ne, da mun tashi tukuna, mun bar gidan fayau, sannan a sa shi a kasuwa. To, kuɗin sabon gidan a jikin bangon tsohon yake, don haka dole muka ci gaba da kwana da tashi a cikin abin da muke tallatawa, har tsawon wata 4.

Da rage kaya muka fara, kuma a nan na yi kuskurena na farko. Na riƙa jira sai yara sun yi barci, in ɗauko kwalaye in kasa kayan wasansu kashi uku, na bari a waje, na ajiya, da na bayarwa, ina jin daɗin dabarata domin babu mai kuka, babu mai ƙwace abu daga hannuna. Kwana biyu kacal dabarar ta yi. Da safe yaron ya nemi wata 'yar motar roba wadda ƙafafunta biyu suka daɗe da ɓacewa, wadda ni a wurina shara ce, ya birkice gidan kaf bai gan ta ba, ya zauna a ƙasa ya yi kukan da ban taɓa ji daga bakinsa ba. A lissafina, darajar abu tana ga kuɗinsa da lafiyarsa. A lissafinsa, motar nan ita ce wadda yake turawa a ƙarƙashin tebur kullum kafin a kira shi wanka, kuma idan ita za ta iya ɓacewa cikin dare ba tare da an tambaye shi ba, to babu abin da ba zai iya ɓacewa ba. Na zazzage kwali uku kafin na samo ta. Daga ranar, da su ake ɗaure kayansu, ko da aikin minti 10 zai ɗauki awa guda, kuma kowa ya yi wa kwalinsa zane da fensirin kala don ya gane shi. Wani abin da ban zata ba shi ne, da kayan wasan suka ragu, faɗa a kansu ma ya ragu, sun kuma fi daɗewa a kan abu ɗaya.

Lokacin gyare-gyare shi ya fi tayar mini da hankali, domin gidan da ake gyara cike yake da abubuwan da ke kiran yaro: tsani a jingine, ƙusoshi a ƙasa, gwangwanin fenti a buɗe, kantar da aka kwance daga bango aka tsayar da ita haka nan. Gidanmu tsohon gini ne, kuma tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jikin mutum da aka san ba ya cutarwa. Haɗarin yana tashi ne idan aka kankare fentin ya zama ƙura, sai yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, kuma ƙwaƙwalwar da ke girma ita ta fi saurin cutuwa. Saboda haka duk ranar kankara da fenti yaran a gidan 'yar'uwata suke wuni, ba sa dawowa sai an goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi. Bokitin ruwan masu aiki ma na sa masa ido fiye da komai, tun da yaron da bai daɗe da fara tafiya ba kansa ya rinjayi jikinsa, idan ya leƙa ya dungura ba zai iya fito da kansa ba, kuma ruwa kaɗan ya isa. Sai da na zama mai yawan magana a idon masu aikin, ban kuwa damu ba.

Da aka gama gyara aka ɗauki hotuna, sai aka shiga zamanin kiran waya. Dillali ya kan kira ya ce ga masu son gani nan da awa ɗaya, wani lokaci ma rabin awa. Na ƙware a wani irin gudu wanda har yanzu idan na tuna sai in yi dariya: kwandon wanki biyu a hannu, duk abin da ke ƙasa ko kan tebur a watsa ciki, takalmi da cokali da littafi da 'yar tsana, a kai but ɗin mota, a fitar da shara musamman ta ƙunzugun auta, a buɗe tagogi, a goge sawun ƙananan yatsu daga madubi da ƙofar firji, sannan a kwashi yara a fita da su a yi ta zagaye har baƙi su tafi. Mun taɓa neman rimot kwana uku, ashe yana cikin mota tare da wanki.

Abin da gudun nan ya fi ci shi ne barcin rana. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, mai shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana a ciki. Uwa ba ta buƙatar takarda kafin ta san haka, domin yaron da aka tasa daga tsakiyar barci shi zai biya ta da rigima har dare. Bayan mako biyu ina ɗaga auta daga gado tana layi don a nuna wa baƙi ɗakinta, na kira dillali na ce daga ƙarfe 1 zuwa 3 na rana ƙofata a rufe take, kuma ina son sanarwa tun jiya, ba yau ba. Bai ji daɗi ba. Ya ce mai sayen da aka mayar ba lallai ya dawo ba, ga gidaje da yawa a kasuwa. Mai yiwuwa mun rasa mutum ɗaya ko biyu a dalilin haka, amma na lura cewa wanda yake son gidan da gaske ba ya ƙin jira zuwa yamma, wanda kuma ya ce ko yanzu ko a fasa, yawanci kallo ne ya kawo shi.

Sai dai duk wannan tsari na waje ne. A cikin gida na zama wata mace dabam, wadda ba ta da magana sai "kada ka taɓa", "sauka daga nan", "wa ya zubar da wannan". Ina tsare bango daga masu bangon. Yaron, wanda ya fi wata 6 da daina fitsarin kwance, ya koma yi. Autar ta ƙara ƙyuya, ko banɗaki zan shiga sai ta riƙe mini zane. Ita kuwa babbar ba ta yi kuka ba, ba ta yi rigima ba, sai dai ta ɗauki jakar makarantarta ta cika ta da 'yan komatsanta, tana rataye da ita a wurin cin abinci, tana kwana da ita a gefen matashi. Na ɗauka wasa ne, na ƙyale ta, har wani dare ina rufa mata bargo ta ce, "Mama, idan sun sayi gidan, har da gadona za su saya?" Na ce a'a. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To mu fa, a ina za a ajiye mu?"

Ashe ranar da wata mata ta zo ba mu samu fita ba, ta ji matar ta dafa gadonta tana cewa ɗakin nan zai yi wa 'ya'yanta daidai. Mu manya mun yi makonni muna cewa "za a sayar da gida" a gabanta, babu wanda ya tsaya ya faɗa mata inda gida ya ƙare da inda mu muka fara. A wurin yarinya mai shekara 5, gida ba bulo da siminti ba ne, gida shi ne gado da labule da ƙanshin kicin da mutanen da ke ciki, duka dunƙule guda, kuma ga baƙi suna shigowa suna taya shi.

Washegari na ajiye tsumman goge-goge, na kama hannunta da na ƙanenta muka bi gidan ɗaki-ɗaki kamar yadda dillali ya yi, sai dai namu zagayen dabam ne. Duk abin da muka taɓa sai in ce ko zai bi mu ko zai zauna. Gado zai bi mu, bargo zai bi mu, kofin da take so zai bi mu, famfo zai zauna, ƙofa za ta zauna. Nan da nan ta gano ƙa'idar da kanta, cewa abin da ake iya ɗagawa namu ne, abin da ke manne da gini na gidan ne, ta shiga yi wa ƙanenta jarrabawa. Sai ta kai ga tambayoyin da ba su da amsa mai daɗi. Bishiyar tsakar gida fa? Za ta zauna. Kyanwar maƙwabta da ke zuwa kan katanga? Za ta zauna. Ƙawarta ta gidan da ke kallon namu? A nan na ji bakina yana so ya yi mata alkawarin da ban da ikon cikawa, na daure na ce ita ma za ta zauna, amma za mu riƙa kawo mata ziyara. Ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa, ni ma ban tsira ba. A daren ta bar jakar a falo. Maganar rana kuwa ban ba su ba, domin mu ma ba mu da ita, kuma "nan da wata biyu" ba ya nufin komai ga yaron da jiya da shekaranjiya duk "ɗazu" ne a bakinsa. Na dai yi musu alkawarin cewa idan saura kwana 10 zan faɗa, mu riƙa ƙirga barci tare.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma akwai abin da yaro yake gani daga ƙasa wanda babba ya gwammace a manta. Wata rana wani dattijo ya zo da ɗansa, yana tsaye a ɗakin yara yana yaba hasken wurin, sai babbar ta nuna silin da yatsa ta ce, "Nan ne ruwa yake ɗiga, Baba ya shafa fenti a kai." Ƙasa ba ta tsage ba, ga shi na so ta tsage. Gaskiyar ita ce an gyara rufin kafin a yi fentin, amma gaskiya ce kuma cewa ba mu yi niyyar tayar da zancen ba sai in an tambaya. Maigidana ya yi bayani, ya ɗauko rasit ɗin mai gyara, dattijon ya yi murmushi ya ce ya fi yarda da shaidar yarinyar a kan ta dillali. Bai sayi gidan ba. Amma da dare muka zauna muka yarda cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a ƙasashe da dama ma doka ce ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Daga nan mu muke fara faɗin tarihin rufin, kuma na ji wani nauyi ya sauka daga kaina, domin na daina fargabar abin da zai fito daga bakin 'yata.

Cinikin farko ya watse bayan mun sallama, saboda rancen da mai sayen yake jira daga banki bai fito ba, mu kuwa da zumuɗi mun riga mun gaya wa yara an sayar. Janye wannan magana ya fi faɗinta wuya. Makonnin da suka biyo baya su ne na gardamar raɗa tsakanina da maigida a kan ko a rage kuɗi ko a ƙara haƙuri, ga la'adar dillali da kuɗin lauya suna jira a cire su daga duk abin da aka samu, muna tsammanin yara ba sa ji, alhali da safe fuskarsu tana nuna sun ji. Da mai saye na biyu ya zo, bai kalli labule ko madubin da na goge ba, ruwa ya tambaya da wuta da rufi da takardun mallaka. Wannan karon bakinmu alaikum, sai da aka biya kafin alƙalami, lauyoyi suka gama nasu aka sa hannu, sannan muka fara ƙirga barci.

Saura barci biyu, babbar ta same ni a kicin ina naɗe kofuna da tsohuwar jarida, ta ce in ɗauko takarda in rubuta, akwai abubuwan da sababbin mutanen ba su sani ba. Na zauna a kan kwali ta riƙa faɗa ina rubutawa. Ƙofar baya sai an ɗan ɗaga ta sama kafin sakata ta shiga. Matakala ta biyu tana da santsi idan an yi ruwa. Akwai sheƙar tsuntsu a bayan tagar banɗaki, kada a buɗe da ƙarfi. Kyanwar ba ta cizo, amma ba ta son a taɓa mata wutsiya. Ƙanenta ya ce a ƙara da cewa ƙarƙashin tebur ya fi ko'ina daɗin tuƙa mota, ta ce masa tebur ai zai bi mu, ya yi tunani ya ce to a goge. Ta karɓi takardar ta zana bishiyar a ƙasanta, ta ninke ta huɗu, ta sa a durowar kicin tare da makullan da za mu bari.