Fim ɗin ƙwallo da kusan ba a buga ƙwallo a ciki

Daren jiya da aka kawo wuta na zauna na kalli Draft Day, fim ɗin Ivan Reitman na 2014, wanda na daɗe ina tsallakewa saboda ni wannan ƙwallon ta Amurkawa da ake runguma a ruga da gudu ban gane kanta ba sam. Ashe ma ba sai ka gane ba. Kusan duk fim ɗin a ofis ne da kan waya, ciniki ne zalla daga safe zuwa dare.

Yadda abin yake, NFL, wato babbar gasar wannan ƙwallon, na da kulob 32, duk shekara suna zaɓar yaran da suka taso daga jami'o'i a zagaye 7, kuma kulob ɗin da ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara ɗauka. Mu da muka saba da ƙwallon Turai inda mai kuɗi ke kwashe duk na kirki, wannan tsari sai da ya ba ni mamaki gaskiya. Kuma layinka ma haja ce, kana iya musayarsa da wani.

Kevin Costner ne ya fito a Sonny Weaver, manajan Cleveland Browns, babansa bai fi sati da rasuwa ba ga mai kulob ya tasa shi gaba sai ya yi abin da gari zai ɗauka, shi ne fa da sassafe ya miƙa wa kulob ɗin Seattle mai riƙe da lamba 1 zaɓensa na zagayen farko har na shekara uku don ya tashi daga lamba 7 ya koma lamba 1, koci ya fusata, kowa kuma ya sakankance Bo Callahan zai ɗauka, yaron da duk ƙasar ke zuzutawa.

Inda fim ɗin ya kama ni ke nan. Sonny ya shiga bin diddigin yaron kamar mai binciken aure. Sai aka ce masa ai ranar bikin cikarsa shekara 21 ba a ga abokan wasansa ko ɗaya ba. Sai kuma labarin dala 100 da wani kulob ya manna a shafin ƙarshe na littafin dabarun wasa don a gane wanda ya karanta da gaske, Bo ya ce ya karanta alhali bai san da kuɗin ba. Ƙananan abubuwa ne, amma duk wanda ya taɓa ɗaukar yaron shago ya san a irinsu hali ke fitowa.

Chadwick Boseman ma yana ciki, shi ne Vontae Mack, wani yaron da shi ma ke jiran a zaɓe shi, fitowarsa ba yawa amma duk ya fi tsaya min a rai. Soyayyar Costner da Jennifer Garner kuwa cikon benci ce kawai.

Ƙarshen ne ban yarda da shi ba. A 'yan mintuna Sonny ya murɗe manajan Seattle a waya ya karɓo duk abin da ya bayar da safe har da gyara, haba, ko a Kantin Kwari ba a yi wa ɗan kasuwa haka ya yi shiru. Duk da haka sai da na tashi zaune lokacin da agogo ke ƙirga wa Sonny mintuna 10 da aka ba shi ya yi zaɓensa, shayina ya huce ban ma lura ba.