Na sayo sabuwar rauta, ashe matsalar ba daga ita ba ce

Wallahi har yanzu in na tuna kuɗin da na kashe sai in ji haushin kaina. Gidanmu a Unguwan Rimi yake, mu bakwai ne muke hawa waifai ɗaya, ga yara da YouTube ga ni da mitin a Zoom ga Hajiya da kiran bidiyo zuwa Madina wajen ƙanwata, kullum bayan Isha'i sai abu ya tsaya cak yana ta juyi. Wani abokina ya ce ai matsalar daga tsohuwar rautar ce, wato na'urar da ke raba mana waifai, Wi-Fi 5 ce, duniya ta wuce nan, Wi-Fi 6 tun 2019 ta fito, Wi-Fi 7 ma an fara tun 2024. Ban tsaya tambayar kowa ba na hau Keke na nufi Ahmadu Bello Way na ɗauko mai Wi-Fi 6, mai ƙahonni huɗu kamar barewa.

Na zo na haɗa, na saka sim, muka zauna jira. Ko alama. Yadda take a da haka take.

Ƙanina mai gyaran waya ne ya zo ya yi min dariya, ya ce Yaya gwada gudun intanet ɗin tukuna. Na gwada, 9 Mbps da daddare. Ya ce to ai tsohuwar ma tana iya ɗaukar ɗaruruwa, bututun ne ƙarami daga ƙarfen sabis, ko randar zinare ka ajiye abin da famfo ya kawo shi za ka samu. Kuma ya duba wayoyin gidan, biyu ne kacal suka san Wi-Fi 6, ta Hajiya ma 2.4GHz kawai take gani, wato zangon waifai mai ƙarancin sauri. Ni kuma da na ga "5G" a sunan waifai ɗin ina ta murna wai na shiga 5G, ashe 5GHz ne, wani abu daban, ya fi sauri amma bango biyu na bulo in ya ratsa ya galabaita.

Abin da ya gyara mana lamarin ko sisi bai ci ba. Da a bayan talabijin tsohuwar rautar take a ƙasa, kusa da firji, sai muka ɗaga ta saman kanta kusa da tagar falo inda sabis ya fi ƙarfi, sandunan sabis ɗin suka tashi daga biyu zuwa huɗu. Daga baya muka canja sim zuwa layin da ya fi kamawa a unguwarmu, na ƙara da ƙaramin batirin rauta saboda in an ɗauke wuta kar mitin ya yanke.

Da a ce fayiba, wato intanet na kebul mai sauri, ce ta shigo layinmu ko na saka Starlink mai kamawa daga tauraron ɗan Adam, to nan kam sabuwar za ta yi rana. A yanzu dai tsohuwar ce a saman kantar nan tana aiki, sabuwar na cikin kwalinta a saman wadurof, ƙanin nan nawa sai zagayawa yake wai in bar masa a rabin kuɗi.