Na Sabunta Jerin Manazartata a kan Karatu da Rubutun Bayanai a Manyan Kwamfutoci

Tun ina ɗalibin digiri na biyu nake ajiye da wani fayil na BibTeX (tsarin ajiye jerin manazarta a kwamfuta), inda nake zuba duk maƙalar da na karanta a kan yadda manyan kwamfutoci ke rubuta bayanai a faifai da kuma karanto su ta hanyoyi da dama a lokaci guda. An daɗe ban waiwaye shi ba, sai a hutun da ya wuce na zauna domin in sabunta shi, ina zaton aikin yini ɗaya ne. Ashe mako biyu zai ci.

Matsalar da wannan fanni ke fama da ita ba ta da wuyar fahimta. Idan furosesa (ɓangaren kwamfuta mai yin lissafi) dubu suka haɗu a kan lissafin hasashen yanayi, kowace tana riƙe da nata yanki na wani ƙaton jadawali, to da zarar lokacin ajiye sakamako ya yi sai dukkansu su nufi fayil ɗaya, kamar jama'ar unguwa a bakin rijiya mai guga ɗaya. Saboda haka na fara jerin da maƙalar Patterson da Gibson da Katz ta 1988 a kan RAID, domin wannan dabara ta rarraba bayanai a kan faifai da yawa ita ce tubalin abin da ya biyo baya.

Abin da ya fara cinye mini lokaci shi ne maimaici. Aikin David Kotz na Kwalejin Dartmouth, wanda ya ba da shawarar a bar ɓangaren faifai ya tsara yadda za a kwashi bayanai maimakon kowace furosesa ta aiko da buƙatarta daban, na same shi sau uku a fayil ɗina: rahoton sashe, da maƙalar taron masana kwamfuta na OSDI na 1994, da wadda ta fito a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM a 1997. Da farko na so in goge biyu, amma na fasa, na bar su duka tare da ɗan bayanin wadda ta riga wata, saboda mai neman tarihin ra'ayi yana buƙatar ta farko, mai neman cikakken sakamako kuwa ta ƙarshe ce za ta amfane shi. Sai kuma ƙananan abubuwa masu ban haushi: duk inda na manta ban kewaye MPI-IO (ƙa'idar da furosesoci da yawa ke bi wajen karanta fayil da rubuta shi tare) da baka biyu a cikin take ba, sai ya fito da ƙananan haruffa, ga tsofaffin adireshin FTP na sauke fayiloli daga intanet da suka mutu, waɗanda na bi ɗaya bayan ɗaya na maye gurbinsu da lambar DOI, wato lambar dindindin da ake ba kowace maƙala. Har GPFS, tsarin ajiyar fayiloli na kamfanin IBM, sai da ya sa na yi tunani, domin a 2015 an sauya masa suna zuwa Spectrum Scale, alhali maƙalar Schmuck da Haskin ta 2002 da kowa ke ambata tana ɗauke da tsohon sunan.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne batun maƙalun shekarun 1990. Injunan da aka yi binciken a kansu, irin su Intel iPSC/860 da CM-5, sun zama kayan tarihi, don haka na yi niyyar tura su wani fayil na daban. Da na sake karanta binciken CHARISMA, wanda ya bi diddigin yadda masu amfani da waɗannan injuna ke taɓa fayilolinsu, sai na ga babban abin da ya gano shi ne yawancin buƙatun ƙanana ne, kuma suna tsallake-tsallake a cikin fayil bisa tazara iri ɗaya. Maganin da del Rosario da Bordawekar da Choudhary suka kawo a 1993, wato furosesoci su fara musayar bayanai a tsakaninsu sannan kaɗan daga cikinsu su rubuta manyan yankuna a jere, shi ne ya shiga ROMIO, manhajar cibiyar bincike ta Argonne mai aiwatar da MPI-IO, bayan fitowar ƙa'idar MPI-2 da ta ƙunshe shi a 1997, kuma har gobe da shi ake aiki a kan Lustre, wani tsarin ajiyar fayiloli na manyan kwamfutoci. A ganina, ɗalibin da bai karanta waɗannan ba zai ɓata watanni yana gano abin da aka riga aka gano.

Sabon ɓangaren da na ƙara ya ƙunshi Darshan, mai auna yadda manhaja ke amfani da faifai, da ma'ajin filasha da ake sakawa tsakanin kwamfuta da faifai domin tarbar rubutun da ke zuwa a guje, da kuma DAOS, tsarin ajiyar bayanai da ke aiki a babbar kwamfutar Aurora. Maƙalun da ke magana a kan horar da ƙirƙirarriyar basira, inda ake karanta miliyoyin ƙananan fayiloli ba bisa tsari ba, su ne na rasa inda zan ajiye. A ƙarshe na sa su a rukuni ɗaya da CHARISMA, na kuma rubuta a gefe cewa zan sake duba wannan shawara idan yawansu ya kai a ba su nasu kan magana.